Cinikin Lafiya a Delhi

A filin jirgin Addis Ababa ba sai ka duba allo ba kafin ka gane ƙofar jirgin Delhi. In ka hango kekunan marasa lafiya an jera su gefe guda, ga tsofaffi lulluɓe da bargo, ga mata rungume da manyan ambulan na hoton ƙirji waɗanda ba sa shiga jaka, to ka iso. Akwai 'yan kasuwa da ɗalibai a cikin ayarin, amma mu masu jinya mun fi ɗaukar ido. Hausa na tashi nan da can, ga Larabcin Sudan, ga Faransancin mutanen Kamaru da Kwango, ga Somaliyawa da iyalansu. Kowa ya dubi ɗan'uwansa ya san abin da ya fito da shi, sai a yi wa juna "Allah ya ƙara sauƙi" a koma a zauna.

Kawuna na rako, a ƙarshen shekarar 2024. Jijiyoyin zuciyarsa ne suka toshe, likitan da ke duba shi a Kano ya ce ƙwayoyi sun gama nasu, sai aiki, irin wanda ake ciro jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya. Ana yin wannan aiki a Najeriya, a wasu asibitocin Legas da Abuja da 'yan wurare kaɗan. Amma da dangi suka zauna aka buga lissafi, kuɗin gida bai yi wa na Indiya nisa ba, ga kuma fargabar da ba a faɗa da ƙarfi a gaban majinyaci: wuta, jini, yajin aiki. Takardar da asibitin Indiya ya aiko ta ce wajen dala 6,000. A lokacin dala ta haura naira 1,600, wato kusan naira miliyan 10 ke nan tun ba a sayi tikiti ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Mai irin wannan albashi sai ya yi sama da shekara 11 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin aikin da duniya ke yi wa kirari da arha. Mu fili aka sayar, sauran kuma 'ya'ya da ƙanne suka yi karo-karo.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san Indiya tun kafin ya je, ko dai yana zaton ya san ta: duwatsu masu ƙanƙara, furanni, jarumi da jaruma suna zagaya bishiya. Delhin watan Nuwamba hayaƙi ce. Hazo mai ɗaci ya rufe gari, rana ta koma ja, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ana ta rufe makarantu saboda gurɓatar iska. Ga mu mun kawo mai ciwon zuciya neman lafiya. Kawu ya leƙa ta tagar mota ya ce, "Ɗan nan, ashe su ma suna da hunturu, sai dai nasu wari yake."

Asibitin yana Gurgaon, garin dogayen benaye da ke manne da Delhi ta kudu. Ƙasa sai sheƙi, ga wurin shan shayi, ga ofis na musamman don baƙi 'yan ƙasashen waje, da tafintocin Larabci da Rashanci da Farisanci. Wanda ya tarbe mu wani saurayi ne ɗan Najeriya da ya zo karatu shekarun baya ya zarce da wannan sana'a. Shi ne tafinta, shi ne mai neman masauki, shi ke canjin kuɗi, shi ya san takardun da za a kai wa hukumar rajistar baƙi, har shagon da ake samun garin tuwo ya sani. Bai karɓi sisin kwabo a hannunmu ba, Kawu kuwa sai sa masa albarka yake. Asibiti ke biyan sa la'ada daga cikin abin da majinyaci ya biya, saboda haka daga aljihunmu ta fita, ta ƙofar baya. Ban ga laifinsa ba, don ya yi mana ɗawainiya ta gaske, har kwanan zaune ya yi da mu daren aiki. Amma dillali dillali ne, asibitin da ya fi ba shi shi zai fi yabo. Kuma farashi biyu ne a irin waɗannan asibitoci: na 'yan ƙasa da rufi, na baƙi da dala, kuma na baƙin ya fi nauyi.

Kawu ɗan kasuwa ne, ya tsufa a Kantin Kwari. Da aka miƙo takardar kuɗi sai ya taɓo ni: "Tambaye su, nawa za su sallama?" Na ji kunya ta kama ni, amma ma'aikacin ko gezau, ya shiga ciki ya dawo an rage ɗan wani abu. Ashe ana tayawa. Sai dai Kawu ya fi kowa sanin cewa ƙarfin mai saye yana ƙafarsa ne. Ka taya, a ce albarka, ka juya baya kamar za ka tafi, a kirawo ka. Wanda ƙirjinsa ke masa zugi, bizarsa na ɗauke da sunan asibitin, filinsa ya riga ya tafi, ina zai juya ya nufa? Mai sayen yadi biyar ba ya samun farashin mai ɗaukar dila ɗari, balle mai sayen yadi biyar ɗin da aka kawo a kwance. Duk inda na bi da lissafin kuɗin magani a ƙasashen duniya bayan wannan rana, a nan yake tsayawa: wa ke yi wa majinyaci ciniki, kuma dila nawa yake ɗauka.

Makarantar da na koyi sauran ita ce kicin ɗin masaukinmu. Gida ne mai hawa huɗu, duk ɗakunan masu jinya ne, kicin ɗaya. Da daddare kowa ya zo da tukunyarsa: Ba'iraƙe na dafa shinkafa da tumatir, wata tsohuwa 'yar Uzbekistan na murza fulawa, mu muna kaɗa miyar kuɓewa, wadda Allah ya sa Indiyawa ma suna ci, ba ta yankewa a kasuwa. Hira ba ta wuce guda biyu, me ke damun naku, nawa suka ce muku.

A nan na haɗu da wata baiwar Allah 'yar Najeriya da ke aikin nas a Amurka. Mahaifinta ta ɗauko daga gida ta kawo shi Indiya a yi masa aikin gwiwa. Na ce, "Hajiya, kina zaune a ƙasar da ta fi kowa likitoci da na'urori, ki tsallake ta ki zo nan?" Ta yi dariya ta ce in tana son ta rasa gidanta sai ta kai shi can. Ita tana da inshora ta wurin aikinta, baba kuwa baƙo ne, ba shi da komai, kuma wanda ba shi da inshora shi ake rubuta wa farashi mafi tsada. A asibiti ɗaya, a gado ɗaya, aiki iri ɗaya, kamfanin inshora kaza ya biya wani abu, wani kamfanin ya biya ninkinsa, kuma majinyaci ba ya sanin nasa sai takarda ta iske shi a gida bayan makonni. Aikin zuciya irin na Kawu, matsakaicin abin da ake biya a can ya haura dala 70,000, kuma ba abin mamaki ba ne a ga takardar da ta wuce 100,000.

Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya a 2023, kashi 17.6 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ta samar, dala 14,570 a kan kowane mutum. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta, amma mutanenta ba su kai na Ingila ko Japan tsawon rai ba. Ba wai sun fi kowa zuwa asibiti ba ne, komai ne ya fi tsada. Masu saye sun rarrabu, kamfanoni barkatai kowa na cinikinsa a ɓoye. Gwamnati kanta, wadda ke biya wa tsofaffi ta shirin Medicare, doka ta 2003 ta ɗaure mata hannu, ta hana ta taya farashin magunguna, sai a 2022 aka fara kwance ta. Dubi allurar masu ciwon suga. Waɗanda suka gano insulin a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a 1923 a kan dala ɗai-ɗai, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Bayan kusan shekara ɗari, kwalba ɗaya ta doshi dala 300 a Amurka, har mutane na tsallaka iyaka zuwa Kanada da Meziko su saya. Sai a 2023 aka ƙayyade wa tsofaffin Medicare dala 35 a wata.

Ingila ta ɗauki wata hanyar. Tun ranar 5 ga Yuli 1948, lokacin da Aneurin Bevan yake ministan lafiya, aka kafa hukumar NHS: haraji ke biya, majinyaci ya shiga ya fita ba a tambaye shi ko fam ɗaya ba. Mai saye ɗaya ne ga ƙasa baki ɗaya, kuma akwai hukumar da ke auna kowane sabon magani, in amfaninsa bai kai kuɗinsa ba ta ce albarka. Abin da suke kashewa a kan mutum ɗaya wajen rabin na Amurka ne. Amma su da jira suke biya. A 2023 jerin ayyukan da ake jira a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7, mai ciwon gwiwa ya yi shekara yana ɗingishi kafin a kai kansa. Baƙo kuwa ba kyauta ba ne gare shi, ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na farashin hukuma, ɗan ci-rani kuma yana biyan fam 1,035 na lafiya a kowace shekarar bizarsa. Manyanmu da ke tafiya Landan ba layin talakan Ingila suke bi ba, asibitocin kuɗi suke zuwa.

Aikin Kawu ya yi kyau, alhamdu lillahi. Sai dai ciwon suga ya sa miki bai warke da wuri ba, kuma farashin da aka yanka mana na kwanaki ƙidayayyu ne, duk daren da ya ƙaru da nasa lissafi. Haka na koma ɗan aike tsakanin ɗaki da kantin magani, kuma a nan na ga abin da ya fi burge ni a Indiya gaba ɗaya, fiye da benayen. Kowane kwalin magani, har ɗan sacet na ƙwaya goma, an buga masa a jiki da ƙananan haruffa: ranar da aka yi shi, ranar da zai lalace, da farashi mafi tsada da aka yarda a sayar da shi. Mai kanti zai iya rage maka, ba zai iya ƙarawa ba. Na riƙe sacet ɗin maganin hawan jinin da Kawu ya shekara yana sha ina jujjuya shi, na mayar da rufin naira a waya, na tarar a gida muna biyan ninki-ba-ninki, alhali shi ma wanda muke saye a Kano daga nan Indiyan ake kai shi.

Wannan arha ba daga sama ta faɗo ba. A 1970 Indiya ta yi dokar da ta ce ba a mallakar magani kansa, sai dai hanyar haɗa shi. Duk wanda ya gano wata hanyar ya haɗa abinsa ya sayar. A kan wannan doka kamfanoninsu suka yi ƙarfi, har zuwa 2005 da ƙa'idojin cinikin duniya suka tilasta musu sauyawa. A 2001, lokacin da maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya haura dala 10,000 a shekara kuma Afirka na binne matasanta, Yusuf Hamied na kamfanin Cipla ya fito ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta hana kamfanin Novartis sabon haƙƙin mallaka a kan Glivec, maganin sankarar jini. A watan Fabrairun 2017 hukumar farashin magunguna ta wayi gari ta yanke wa ɗan bututun wayar nan da ake zurawa a buɗe jijiyar zuciya iyaka, rufi 29,600, abin da a da ake karɓar 100,000 ko fiye. Kamfanoni sun yi ta ƙorafi, wasu sun nemi janye kayansu, amma kasuwar mutum sama da biliyan ɗaya ba a yi mata fushi.

Akwai kuma yawan aiki. Dakta Devi Shetty, wanda ya kafa asibitin Narayana a Bangalore, ya yi suna da aikin zuciya na wajen dala 2,000, saboda likitocinsa na yin aiki bayan aiki kullum, hannu ya faɗa, na'ura ba ta hutawa, kaya ana saro su da yawa. Sai kuma ɓangaren da ba a sa shi a talla: albashi. Nas-nas ɗin da suka yi jinyar Kawu yawancinsu 'yan jihar Kerala ne, masu haƙuri da iya aiki, kuma kusan duk wadda na yi hira da ita tana karatun jarrabawar fita, wata Dubai, wata Ingila. Wani yanki na rangwamen da muka samu daga guminsu aka yanko shi.

Kada a ce sai ƙasa mai biliyan za ta iya. Ba'iraƙen kicin ɗinmu ya yi jinyar ɗan'uwansa a Alƙahira kafin nan, shi ya tuna mini da zancen ciwon hanta. Da maganin sofosbuvir ya fito a Amurka a ƙarshen 2013, dala 84,000 ake sayar da na mako 12, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Masar, wadda a lokacin ta fi kusan kowace ƙasa yawan masu ciwon hanta nau'in C, ta zauna da kamfanin da ke yin sa a 2014 ta karɓo shi a kan dala 900, sannan kamfanonin cikin gida suka shiga haɗa shi farashi ya ƙara rugujewa. A 2018 suka bi gari-gari suka gwada mutum miliyoyi kyauta, wanda aka samu da cutar aka ba shi magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Ƙwaya ɗaya ce, dala 1,000 a wani wuri, wajen dala 10 a wani.

Wata ranar Juma'a, bayan na yi salla a unguwar Nizamuddin, na biya ta gaban AIIMS, babban asibitin gwamnati da aka kafa a 1956. A nan ne mafi ƙwarewar likitocin ƙasar suke, kuma kusan kyauta ake duba mutum. Bakin titi cike yake da mutane, iyali-iyali, sun shimfiɗa leda da kwali, sun rataya tsummokara a jikin katanga, wata uwa na dafa shayi a kan ɗan risho kusa da yaron da aka naɗe wa kai da bandeji. Daga Bihar da Uttar Pradesh suka zo a jirgin ƙasa, wasu sun yi makonni suna jiran ranar ganin likita, su kwana a nan cikin sanyi da hayaƙi don su kama layin asuba. Asibitin da Kawu ke kwance bai fi tafiyar awa guda daga wurin ba, amma a wurinsu da shi da Landan duk ɗaya. Gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin Ayushman Bharat a 2018, wanda ke biya wa iyalin talaka har rufi 500,000 a shekara, kuma lissafin hukuma ya nuna abin da mutane ke biya daga aljihu ya sauko daga sama da kashi 60 zuwa wajen 40 cikin ɗari. Da saura dai. Arhar Indiya ta mai dala ce.

Mu a Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, a tsaye a gaban taga, kafin a taɓa shi. Safar hannu, sirinji, zaren ɗinki, ledar jini, a rubuto maka a 'yar takarda ka ruga kemis. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, mu masu masaukin muna ta lilo a wajen kashi 5. Dokar 2022 ta ce inshorar lafiya dole ce a kan kowa, amma ɗan kasuwa irin Kawu, da manomi, da mai adaidaita, yawancinsu ko labarinta ba su ji ba. Gana ta kafa nata shirin tun 2003 don kashe tsarin biya-kafin-a-duba-ka. Nijar, da duk talaucinta, ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2006, ko da yake asibitoci sun sha kukan gwamnati ba ta biyan su a kan kari, sannan a 2024 ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. A gida kuwa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar da tattara nasa ya nasa a watan Agusta, abin shaƙar masu asma da maganin da aka saba saye ba tunani suka zama sai an yi shawara.

Can a masaukinmu na Indiya, a ɗakin da ke kusa da namu akwai wani bawan Allah daga wajen Gashuwa, yankin da ciwon ƙoda ya addaba. Ya zo da ƙanensa da zai ba shi ƙoda. Dokar Indiya ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, don haka sai kwamiti ya gamsu cewa jini ɗaya ne: gwajin ƙwayar halitta, takardar kotu, wasiƙar ofishin jakadanci, hotunan iyali. Wata takarda ta zo da kuskuren harafi a sunan mahaifinsu, aka ce a sake. Kafin ta iso ana yi masa wankin ƙoda ana zarar kuɗin dashen. Mun bar su can suna jira.

Kawu ya dawo da ƙafarsa, da jaka guda cike da magani na wata shida, don ko kuɗin ƙarin kaya a jirgi bai kai bambancin farashin ba. Bayan an gama zuwa sannu, babban ɗansa ya kawo shawara a zauren dangi na WhatsApp: tunda an ga yadda aka sha wuya, kada a rushe karo-karon, kowane magidanci ya riƙa zuba wani abu duk wata a ajiye saboda rashin lafiya. Wani ya ce wannan ai inshora ce, shi kuwa yana da shakku a kanta. Wani malami cikin 'yan'uwa ya ce taimakekeniya ce, irin wadda ake kira takaful, babu laifi. Aka amince, aka naɗa ma'aji. Wata uku da farawa matar wani ƙane ta zo haihuwa aka ce sai tiyata, aka buɗe asusu aka biya. Washegari gardama ta tashi, wasu na cewa haihuwa ba ciwo ba ce, an san da zuwanta wata tara, mai gida ya kamata ya tanada. Mutum biyu sun daina zubi a kan wannan magana, ma'aji kuma ya ce ba zai ƙara fitar da ko kwabo ba sai an rubuta masa ƙa'ida a takarda kowa ya sa hannu.